Me Ka Shuka Bara, Tihomir?

A yi shiru, a gyara zama, masu hula su cire. Ga Tihomir ɗan Radisav nan tafe: tsohon sarkin direbobin bas na hanyar tsaunuka, wanda ya yi shekara talatin da huɗu a kan sitiyari bai taɓa take ko kaza ba, in ban da wata agwagwa da ya ce ita ta nemo shi, gwamnan rabin lambun bayan gidansa, mijin Zagorka. Wannan na ƙarshe shi ne muƙamin da ya fi ba shi wuya.

Sunansa a harshenmu yana nufin mai natsuwa. Wanda ya raɗa masa shi, ko dai bai ga jaririn ba, ko kuma zolaya yake yi. Shinge ɗaya ya raba gidanmu da nasu, tun ina rarrafe nake ganinsa, amma ban taɓa ganin ya shanye gahawa a zaune ba. Kurɓa ɗaya zai yi, ya ɗora kofin a kan shinge, ya tafi duba wani abin da ba wanda ya ce ya duba. Da yamma sai ka ga Zagorka tana bin lambu tana tattara kofuna kamar mai tsintar ƙwai.

Ranar da ya yi ritaya mutanen layinmu suka ce to, yanzu kam zai zauna. Ya zauna kwana biyu. A na uku ya kwance injin wanki don ya ga abin da ke ƙara a ciki, alhali ba abin da ke ƙara. A na huɗu Zagorka ta kamo hannun rigarsa ta kai shi bayan gida, ta ja layi da diddigen takalminta a tsakiyar lambu.

"Daga nan zuwa ɗakin kaji naka ne. Ka haƙa, ka binne, ka tone, ba ruwana. Daga nan zuwa rijiya nawa ne."

"Ke mata, ni da gidana?"

"Kai da rabin lambunka."

Ɓangaren Zagorka bai taɓa canzawa ba. Albasa a inda albasa take, tafarnuwa a gefenta, wake, kabeji, sai kunya shida na tattasai. Tattasan nan ba na shago ba ne. Irin Stamena ake ce masa, sunan mahaifiyarta ke nan, kuma a ƙulle cikin hankici ya sauko daga ƙauyensu na kan tsauni ranar da aka kawo ta amarya, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Tsawonsa ya kai tafin hannun ƙato, faffaɗa ne, ja wur har ya yi duhu, namansa da kauri, zaƙi zalla ba ko ɗigon yaji. In aka gasa shi, ja ɗaya za ka yi fatar ta zare kamar safa. Kowace shekara Zagorka kan ɗaura jan zare a wuyan waɗanda suka fi kyau, ta bar su har su fara yamutsewa, ta cire 'ya'yan ta shanya a kan jarida, ta ƙulle a hankicin nan. Ragowar tsohon iri kuwa kaji take watsa wa.

Ɓangaren Tihomir tashar mota ne, kowace shekara da sababbin fasinjoji. Baƙin tumatir, rawayan tumatir mai wuya, wake mai tsawon hannu, farar kokwamba, da wata kabewa da ta hau rufin ɗakin kaji ta karya shi. Hoton da ke bayan fakiti yake saye, ba irin ba. Bai taɓa shuka abu ɗaya sau biyu ba, ko da ya yi daɗi. In ka tambaye shi, sai ya ce, "Ai na riga na ga yadda yake."

Akwai doka guda, kuma ba ta Zagorka kaɗai ba ce, ta duk layinmu ce: ba a shuka barkono kusa da tattasai. Mai son yaji ya tafi hayin rafi, wajen gonakin masara. Ƙudan zuma ba su san nawa da naka ba, daga wannan fure suke faɗawa wancan. Mugun abin kuma shi ne ba ya nunawa a shekarar. Tattasan zai fito da zaƙinsa kamar ba a yi komai ba, yajin ya laɓe a cikin 'ya'yan yana jiran baɗi. Tihomir ya san wannan doka sarai. Ya san ta kamar yadda ya san alamar rage gudu a hanyar da babu ɗan sanda.

Sai ga shekarar da 'yarsu ta haifi tagwaye a birnin Niš. Zagorka ta gama dashenta a watan Mayu, ta haɗa jaka ta tafi taya reno, ta bar masa lambu da umarni ɗaya: ya ba da ruwa kawai. Ba a yi mako ba ya gamu da wani tsohon abokin aikinsa a kasuwa, riƙe da dashen wani barkono da ya ce in ka ciza shi sai ka tuna da sunan kakan kakanka. Tihomir ba mai cin yaji ba ne, cikinsa ba ya ɗauka. So yake kawai ya ga yadda yake. Ya karɓi guda shida ya dasa a bayan sandunan tumatir, taku huɗu daga layin diddigen Zagorka. Kafin ta dawo a ƙarshen Agusta ya tumɓuke su, ya share wurin, har ya dasa latas a kai. Ta dawo ta zagaya lambunta, ta ɗanɗana, zaƙi kamar kullum. Ta ɗaura zarenta, ta shanya irinta, ta ƙulle. Tihomir ya yi ta fito duk hunturun nan kamar wanda ya tsallake shingen bincike da kayan fasa-ƙwauri.

Shekara ta zagayo. Tun da rani Zagorka ta lura wasu 'ya'yan sun fito sirara da lanƙwasasshen baki, ta ɗora wa ƙarancin ruwan sama laifi. Ƙarshen Satumba ya zo, lokacin ayvar, wato gasasshen tattasan da muke niƙawa mu soya mu adana a kwalabe, duk layi ya turnuƙe da hayaƙin gashi. Tihomir na wajen murhu yana juya tattasai a kan farantin ƙarfe, yana juya wanda bai isa juyi ba. Zagorka da maƙwabciyarta Yagoda na zaune gaban baho suna ɓare fata. An riga an niƙa fiye da rabi, babbar tukunya na kan wuta da mai a ciki.

Yagoda ta dubi yatsunta. "Zagorka, da me kika wanke bahon nan?"

"Da ruwa mana."

"To hannuna zafi yake yi."

"Tsufa ne."

"Tsufa ba ya shiga ƙarƙashin farce."

Zagorka ta dubi nata hannun. Ta tashi ta ɗebo niƙaƙƙen tattasan a cokali ta kai baki. Ta daɗe tsaye. Ba ta waiwayi lambu ba, ba ta dubi abin da ke ɓangarensa bana ba. Shi ta duba.

"Me ka shuka bara?"

"Bara? Ke mata, wa ke tuna bara? Ni ko abin da na ci jiya..."

"Tihomir."

Ya juya tattasai biyu da ya riga ya juya. "Shida ne kacal. 'Yan ƙanana, ko gwiwata ba su kai ba."

"Ƙudan zuma ba sa auna tsayi, maƙwabci," in ji Yagoda, tana shafa mai a yatsunta.

"To ai ba duka ne suka yi yaji ba. Mu zaɓi masu zaƙin mu cire iri."

"Masu zaƙin da suka yi rani guda kafaɗa da kafaɗa da masu yajin? Ka san abin da ke cikinsu?" in ji Zagorka.

"Ragowar da ke hankici fa?"

"Shi ne wannan da kake gasawa."

Ya sosa ƙeya. Da ya yi shiru a nan da ya huta, amma wa ya taɓa ganin Tihomir ya tsaya a inda ya kamata? "Shagon kayan gona cike yake da iri. Akwai wani ma da na gani, ya fi wannan girma, an rubuta ba ya kamuwa da cuta."

"In ka je ka duba min ko suna sayar da uwa a fakiti."

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata shi. Ta gama juya tukunyarta awa uku cur, ta cika kwalabe, don a gidan nan ba a zubar da abinci. Daga washegari, kowace safiya, burodi da cuku da cokali guda na ayvar ɗin nan suna kan farantinsa. Ita burodinta gaya take ci. Yana ci yana gumi, tana kallon taga. Ya jure wannan. Abin da bai iya jurewa ba shi ne ranar da ya fito ya ga hankicin Stamena a kan igiyar shanya, an wanke shi, ba komai a ciki, iska na kaɗa shi tsakanin safunansa.

Ya fito da keke.

Yagoda ce ta lissafa masa waɗanda Zagorka ta taɓa ba iri. Ta farko wata gwauruwa ce a ƙarshen layi. Ya tarar ɗanta ya malale lambun da siminti don ajiye motoci. Na biyu tsohon malamin makaranta, wanda ya koma irin shago tun shekara biyar, ya kuma tsare shi da bayanin dalilinsa har rana ta karkata. Na uku sun tafi Vienna aiki, gida a kulle, ciyawa har ƙirji. Tihomir ya haura katanga ya kutsa ciki, ya fito da yagaggen wando da ƙayoyi a gashinsa. Daga nan ya nufi ƙauyen kan tsauni. Bas ta daina zuwa can tuntuni, shi da kansa ya ja ta ƙarshe, don haka a bayan motar katako ya hau. Ya tarar rufin gidan Stamena ya rufta, tsofaffi ukun da suka rage a ƙauyen kuwa dankali kaɗai suke shukawa. Ɗaya daga cikinsu ta gane shi, ta tambaye shi yaushe bas za ta dawo.

Oktoba na ƙarewa, sanyi ya fara cizo da safe. Saura gida ɗaya, kuma tun ranar farko ya san da shi: gidan Milunka, ƙanwar Zagorka. Ita ma da nata ƙullin aka kai ta gidan miji. Zagorka ba za ta taɓa roƙonta ba, don shekara arba'in ke nan tana faɗa wa duk mai kunne cewa nata ne na ainihi, Milunka ba ta iya zaɓen iri ba. Shi kuwa bakin Milunka yake tsoro, bakin da in ya kama mutum sai ya gwammace ayvar ɗin safe.

Ya same ta zaune a ƙofar gida tana ɓare wake, tattasai a jere rataye a ƙarƙashin rufi.

"A'a, mijin Yaya." Ta dubi kekensa. "Bas ɗin ce ta rame haka?"

"Wucewa nake yi, na ce bari in gaishe ki."

"Wucewa zuwa ina? Bayan gidana sai dutse." Ta ci gaba da ɓare wakenta. "An ce bana ayvar ɗinku har matacce yake tayarwa."

"Wa ya gaya miki?"

"Wa bai gaya min ba? Zauna mana."

Ya zauna, ya miƙe, ya je ya leƙa lambunta, ya dawo. "Akwai mai shuka barkono kusa da nan?"

"Maƙwabcina mafi kusa yana bayan tudun can, kuma zuma yake kiwo, ba hauka ba. Mijina kuwa har ya mutu bai taɓa shuka abin da ban gani ba. Yaya ce ta aiko ka?"

"Ba ta san na zo ba."

"Da ta sani da ta karya keken." Ta kakkaɓe cinyarta ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar takarda a naɗe ta miƙa masa. Ya buɗe, ga 'ya'yan iri farare tas, busassu. Wata guda yana yawo. Kafaɗunsa suka sauka, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Na gode, Milunka, Allah ya..."

Fizge takardar ta yi kafin ya ƙarasa. A wurinmu ba a godiya a kan iri ko dashe. Ka karɓa ka sa aljihu ka yi zancen ruwan sama, don irin da aka gode masa fushi yake yi a cikin ƙasa ya ƙi fitowa. Ko ɗan yaye ya sani. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana ce wa duk wanda ya miƙo tikiti na gode, bakinsa ba ya jiran izini. Milunka ta juye takardar a ƙasa, kaji suka yi caa a kai.

"Ke, wannan ai camfi ne."

"Maganar ƙudan zuma ma ai ka ɗauke ta camfi."

"To ɗebo min wani. Zan rufe bakina da hannu."

"Ba na ba mutum iri sau biyu."

Ya yi ta kai da kawo a tsakar gidan, daga rijiya zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa rijiya. Ya ce zai gyara mata rufi. Ya ce zai yi mata shinge. Ta bar shi har ya gaji da alkawura, sannan ta ɗauki kwanon wakenta.

"Zan shiga in ɗora gahawa. Murhuna ba ya sauri, idona ma ya fara rauni. Waɗancan uku na ƙarshe masu jan zare su ne na iri, ban riga na fasa su ba. Kada kowa ya taɓa min su."

Ta shiga ta turo ƙofa. Tihomir ya tsaya yana kallon ƙofar kamar ɗalibin da aka ba amsa bai gane ba. Can abin ya faɗo masa: ai irin sata ya fi kowane iri kamawa, wannan ma kowa ya sani. Ya kifa bokiti ya taka, ya tsinko biyu ya cusa cikin riga, ya haye keke ba sallama. Yana kaiwa bakin hanya ya ji an buɗe taga.

"Ɓarawo, ka bar hularka."

Bai waiwaya ba. Hular tana can har yau.

Ya ajiye su a kan tebur gaban Zagorka. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta shinshina, ta latsa da babban yatsa.

"Na Milunka ne."

"Sato su na yi."

"Ka yi godiya?"

"Da farko. Wancan kaji sun cinye."

Gefen bakinta ya ɗan motsa, ta yi sauri ta gyara shi. "Sai Agusta za mu sani."

Wata goma ke nan, ga mutumin da ba ya iya jiran gahawa ta huce. A Fabrairu ta shuka su a kofunan yogot ta jera a bakin taga. Kwana uku ta kama shi yana tona ɗaya da tsinken ashana don ya ga ko ya fara motsi, ta hana shi shiga ɗakin, ya koma leƙe ta waje yana goge gilashi da hannun riga. Da suka tsiro ya ce ai ga shi, ta ce tsirowa daban, zaƙi daban. Da aka yi dashe a Mayu ya naɗa kansa jami'in kwastan na layinmu. Gida gida yake bi yana ɗaga ganye, har ya sa mijin Yagoda ya kwashe barkononsa uku na cikin tukunya ya kai hayin rafi, shi ma ya taya shi ɗauka. Nasa rabin lambun kuwa, ba wanda ya ce masa komai, ya cika shi da albasa zalla daga layi har ɗakin kaji. Ya ce kallon albasar kaɗai na sa shi barci a tsaye. Ya rame. In ƙudan zuma ya gifta sai ya bi shi da ido har ya ga inda ya fito.

Ranar da tattasai ya nuna, Zagorka ta fito da wuƙa ta kira shi. Ina jingine a ƙofar shingen da ke tsakaninmu, don ba zan bari a ba ni labari ba. Tushe arba'in da takwas ne. A kowane tushe sai ta tsinki ɗa guda, ta yanko daidai farar jijiyar ciki inda yaji ke ɓuya, ta miƙa masa. Yana tauna, ita kuma idonsa take kallo, don baki yana iya ƙarya amma hawaye ba ya iyawa. Na ɗaya, shiru. Na goma, shiru. A na ashirin da bakwai ya yi tari, ta tsaya cak da wuƙar a hannu, ya ɗaga hannu ya ce ƙwayar iri ce ta sarƙe shi. Ba ta yarda ba sai da ta sake yanko masa daga tushen. Suka ci gaba har ƙarshen kunya ta shida, idonsa a bushe.

Sannan ta yanki nata ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Namansa bai kai na Mama kauri ba," ta ce. "Na faɗa, Milunka ba ta iya zaɓe ba." Ta goge wuƙar a jikin zanenta, ta koma farkon kunya tana ɗaga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya tana auna su a tafin hannu. "Shekara huɗu ko biyar, zan dawo da shi."

Tihomir ya nufo wajena a hankali, tafiyar da ban taɓa ganin ya yi ba. Na miƙe na buɗe hannuwa.

"Kawu Tiho, yau ka shiga tarihi. Ka hau tsauni, ka haura katanga, ka yi sata da tsakar rana, ka ceto irin da ya girmi kowa a layin nan. Kamata ya yi a kafa gunkinka a dandalin gari, da keke da komai."

Ya dube ni, hannunsa a kan cikinsa.

"Ɗanyen tattasai arba'in da tara ne a cikina. Matsa daga hanyar ban ɗaki."